Ƙwanƙwasa a Bututun Ruwa

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sannan ƙiii, kamar an ja ƙarfe a kan ƙarfe.

A daren da aka yi ruwan nan mai iska na ji shi, ruwan da ya kayar da bishiyar bakin mararraba. Ina kwance idona biyu, ruwan ya fara tsagaitawa, sai ɗigar indararo. Na ce ko taga ce iska ke wasa da ita. Amma taga ba ta jan cokali. Na lalubo tocila na bi sautin har kicin. Ba kowa. Tukwane a kife yadda matata ta bar su, tsummanta a rataye jikin ƙusa. Na ɗora tafin hannuna a kan bututun ruwan da ya hau ta jikin bango, sai na ji yana ɗan rawa, kamar maƙogwaron wanda ya gama magana yanzun nan.

Ni gyaran takalma nake yi, da lema idan ana ruwa. Shagona yana ƙasa, ɗakunanmu suna bene. Wani tsohon bututun ƙarfe ne ya fito daga bangon bayan shagon, ya ba ni famfon da nake jiƙa fata, sannan ya miƙe sama ya huda rufi ya shiga kicin. Tun farkon zamanmu a gidan matata ta gano ba sai ta leƙo ta taga tana ƙwala mini kira a gaban mutane ba. Sai ta ɗauki cokali ta buga bututun. Bugu uku a jere, ta ja cokalin ƙiii: abinci ya sauka, hau. In ta buga a hankali, tana jira tsakanin bugu da bugu, baƙo ne. In ta buga ba tsayawa kamar mai kiɗa, to na yi laifi, in shirya. Ni kuma in amsa da ƙaramar gudumata. Ɗaya, na ji. Biyu, akwai mutum a gabana, a rufe mini.

Haka muka yi har gashinmu ya yi fari.

Kusa da shagona akwai shagon mai aski, wanda duk layin ke kira Rediyo, don in ya buɗe baki da safe sai an rufe shaguna. Shi ya sa wa matata suna Ta Bene, ni kuma Sarkin Dunduniya. In ba shi da kai a gabansa, a kan bencina yake wuni. Da bututu ya yi ƙara sai ya riga ni miƙewa.

"Sarkin Dunduniya, an buga waya daga fadar gwamnati. Maza ka hau kafin a kore ka daga aiki."

Duk wani labari mai ban mamaki a wurinsa nake samu, shi kuma daga kawunan mutane yake tsinta. Wata rana ya shigo da almakashi a aljihu, ya ture takalman da ke kan benci ya zauna.

"Yau na aske wani da ya yi zama a wata ƙasa mai sanyi. Ya ce can akwai mutanen da suke kashe fitila su zauna kewaye da tebur, su riƙe hannun juna, su kira mamacinsu. Wai sai ya zo ya ƙwanƙwasa musu teburin. Ɗaya e, biyu a'a."

"To me suke tambayarsa?"

"Inda ya ɓoye makullin akwati mana. Me kuma ɗan Adam zai tambayi mamaci?"

Na ajiye basilla. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa sai ƙwanƙwasawa? Mutumin da ya yi rayuwarsa duka da baki da harshe, a ce ya dawo ba shi da komai sai ƙwas?

"Wannan mamatansu ne, masu kunya," in ji Rediyo. "In ni ne, wallahi sai sun roƙe ni in koma."

Muka yi dariya har Ta Bene ta buga bututu tana tambayar lafiya.

Ciwonta bai daɗe ba. Ta ce kanta, ta ce ƙirjinta, aka kai ta asibiti, aka dawo da zanenta a ninke cikin jaka. Mutane suka zo, mutane suka watse. Na koma shago domin hannu ba ya son zama.

Abin da ya faru da ni bayan nan shi ne na daina cin abinci. Ba da gangan ba. Auta, ƙaramar 'yarmu, takan biyo da safe kafin ta wuce wurin aikinta, ta hau ta ajiye mini kula a kan teburin kicin. Washegari ta tarar da ita yadda ta bar ta.

"Baba, haba. Ko ba ka son girkina ne?"

"Ina so, Auta. Mantawa nake yi."

Gaskiya na faɗa mata. Ashe cikina bai taɓa sanin lokaci ba, kunnena ne ya sani. Sai in ɗaga kai daga kan takalmi in ga rana ta karkata, ba wanda ya kira ni. Rediyo ya yi faɗa, ya yi zolaya, ya ce in na ƙara ramewa zai rataye ni cikin lemomin da ba a karɓa ba. Wani lokaci yakan ja ni sama da kansa ya tsaya a kaina.

Sai shi ma ya faɗi. Yana cikin aski, ya yi wa mutum rabin kai, almakashi ya suɓuce masa, ya sulale jikin madubi. Shanyewar ɓarin jiki. Na je asibiti na gan shi. Bakinsa ya karkace, idonsa a kaina, leɓensa yana motsi ba abin da ke fita. An kashe Rediyo. Na riƙe hannunsa kawai, don duk tsawon zamanmu shi ke magana ni ina ji. Matarsa ta ce in an sallame su ɗansu zai ɗauke shi zuwa gidansa, can wata unguwa mai nisa. Aka sa wa shagon aski kwaɗo. Layin ya yi shiru kamar an kwashe mutanensa.

A cikin wannan shirun ne bututun ya yi magana, daren ruwan.

Na tsaya a kicin da tocila a hannu, ƙafafuna a kan siminti mai sanyi. Ban ji tsoro ba, kuma wannan ya ba ni mamaki. Abin da na ji shi ne kunya, irin ta wanda aka daɗe ana kira bai amsa ba. Na ɗauki cokali na buga sau ɗaya. Na ji. Sannan na buɗe kular Auta, na ci a tsaye, abincin ya yi sanyi ƙalau, na cinye shi tas.

Da gari ya waye na kasa kunne. Shiru. Washegari ma shiru. Kwanaki suka yi ta wucewa, har na fara cewa mafarki na yi, ko da yake ban taɓa jin mafarkin da ya cinye kula guda ba.

Sai wata rana da tsakar rana, ina liƙa tafin wani takalmin makaranta, gam a yatsuna, na ji shi a bayana. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Jan cokalin ya zo a gajiye, yana tsayawa a hanya, kamar hannun da ya yi tafiya mai nisa. Na ce ai dole. Wa ya san nisan da ke tsakaninmu yanzu? Na ɗauki guduma na amsa, na rufe ƙofar shago rabi, na hau na ci.

Daga ranar kullum sai an kira ni.

Ban faɗa wa kowa ba. Na san abin da aka koya mana, cewa wanda ya tafi ya tafi, addu'a kawai ke isa gare shi, kuma ban daina yi mata ba. Amma mai gyaran takalma yana ganin wani abu da sauran mutane ba sa lura da shi. A saman kantata akwai takalman da masu su ba su dawo karɓa ba, wasu na san sun rasu. In ka sa hannu a ciki za ka ji ƙafar mutumin tana nan: inda babban yatsa ya yi rami, inda dunduniya ta fi dannawa, gefen da yake karkata in ya gaji. Ƙafar ta tafi, zamanta bai tafi ba. Sai na riƙa tunani, to shi rai fa? Ran da ya yi shekaru yana shiga cokali yana bin bututu, ba zai bar ramin yatsansa a ciki ba? Ko kuwa mutanen ƙasar sanyin nan ba makullin akwati suke nema ba, so suke kawai a ce musu an ji su?

Na fara yi mata magana. In ba kowa a shago sai in matsa kusa da famfo in rage murya.

"Ta Bene, maɓallin rigata ya cire, na ɗinke shi da zaren takalmi. Kada ki yi dariya."

Wani lokaci shiru. Wani lokaci ƙwas.

"Auta tana sa gishiri da yawa. Ban faɗa mata ba."

Ƙwas.

Har abin da ban taɓa faɗa mata ba tana da rai na faɗa wa famfon nan. Na ce mata ranar da na fara ganinta dunduniyar takalminta na fara kallo, na ga tana taka ƙasa kamar ba ta son ta ji mata ciwo. Na ce mata gefenta na gado har yanzu ba na hawa.

A haka Auta ta same ni wata rana, bakina kusa da famfo, ina cewa, "To sai an jima, ki huta."

Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Baba, da wa kake magana?"

Ban iya ƙarya ba, na faɗa mata duka. Ta zauna a bencin Rediyo, ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta buɗe idonta ya yi ja.

"Mama ta rasu, Baba. Ni na rufe mata ido. In ma akwai abin da ke buga bututun nan, ba ita ba ce, kuma ba na son ka riƙa amsa wa abin da ba ka san ko mene ne ba."

"Mugun abu zai ce wa mutum ya je ya ci abinci?"

"Ni dai ban sani ba. Tsoro nake ji. Kada in rasa ta, kai ma in rasa hankalinka."

"Dubi wuyana, Auta. Ba ki ga na ciko ba?"

Ta duba. Ba ta musa ba, amma ba ta saki jiki ba.

Ana cikin haka bangon bayan shago ya fara jiƙewa. Tabo ya fito kusa da bututun, ya yi ta faɗi, fenti yana ɓarewa, fatun da na jingina suka fara fumfuna. Auta ce ta je ta sami mai gidan da muke haya, ba ta ɓoye mini ba. Ta dawo ta ce za a turo mai gyaran famfo ya yanke tsohon ƙarfen gaba ɗaya, tsatsa ta cinye shi, a sa na roba.

Da yamma na samo guntun bututun roba a wurin masu sayar da kayan gini. Na kawo shago na buga shi da cokali. Ɗif. Na ja cokalin a kansa. Ko kuka bai yi ba. Roba ba ta kai saƙo, haɗiye shi take yi. Na zauna da guntun a cinyata har duhu ya shigo. In aka yanke ƙarfen nan, ta ina za ta biyo?

Mai famfo ya zo da hantsi, wani dogo mai fensir a bayan kunne, da jakar kayan aiki da zarton ƙarfe a hammata. Auta ta ɗauki hutu don ta tsaya a kai. Ya ƙwanƙwasa bango, ya kankare tsatsa da farce, ya girgiza kai.

"Baba, wannan bututun ya girme ni. Ya kamata a ce ya yi ritaya tun tuni."

"Ni ma na girme ka, ga ni ina aiki."

Ya yi dariya. Auta ta ce masa, ba tare da ta dube ni ba, wai bututun yana ƙara wani lokaci.

"Iska ce, Hajiya. In aka ɗauke ruwa aka dawo da shi, iskar da ta maƙale sai ta riƙa dukan ƙarfe. Wasu har gudu suke yi daga gida."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Auta.

"Iskar tana jan cokali?" na ce.

Ya dube ni, ya dubi Auta, ya ce bari ya je ya rufe ruwa. Ya daɗe yana neman inda ake rufewa, ya dawo ya kwashe kayan da ke jikin bango, ya auna, ya yi alama da fensir. Na ce ya sha ruwa tukuna. Na ce ya duba mini famfon sama tukuna. Na nuna masa takalminsa da na ga ya buɗe baki, na ce ya cire in ɗinke masa kyauta. Duk ya gane, amma ya biye mini, Allah ya saka masa. Ƙarshe dai ya ɗora zarto a kan alamar.

Ƙwas.

Hannunsa ya tsaya.

Ƙwas. Ƙwas. Sannan ƙiii, a gajiye, yana tsayawa a hanya.

Auta ta damƙe hannuna tana neman tsari a ƙarƙashin numfashi. Mai famfo ya sauke zarto a hankali.

"Na rufe ruwa," ya ce. "Ba iska ba ce wannan."

Na ɗauki gudumata na buga ɗaya. Na san watakila amsar ƙarshe ke nan.

Mai famfo ya zaro sukuddireba mai tsawo, ya dafa bakinta a jikin bututun, ya manna kunnensa a kan mariƙin. Ya ce in sake bugawa. Na buga. Aka amsa. Ya matsa sama ya saurara, ya matsa ƙasa ya saurara, har ya durƙusa inda ƙarfen ya shige bango.

"Baba, ba daga sama yake zuwa ba. Daga bayan bangon nan ne. Wa ke zaune a can?"

Ban taɓa tambayar kaina daga ina bututun ya fito ba. A wurina daga bango yake farawa, kamar yadda yaro yake ɗauka ruwa daga famfo yake farawa. Mai famfo ya ce da alama da can gida ɗaya ne aka raba da bango, kuma ruwan ta layin baya yake shigowa. Sai a lokacin na tuna wanda ɗakinsa yake layin baya.

"Ai ba sa nan," na ce. "Suna gidan ɗansu."

Muka zagaya. Tafiya ce mai ɗan tsawo ga mai ciwon gwiwa, sai an kai mararraba an wuce kututturen bishiyar da ta faɗi, an shiga lungu. Auta tana riƙe da gwiwar hannuna. Ƙofar a buɗe take, ga shanya a igiya. Matar Rediyo, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ta fito da kwano a hannu.

"Lale, lale! Baban Auta, yau kai ne a gidanmu? Ku shigo. Ai kullum ina cewa zan zagayo in gaishe ka, to ba na iya barinsa shi kaɗai. Gidan yaron bai karɓe shi ba, benen ya yi tsawo, ga hayaniya. Kuka ya riƙa yi mana sai da muka dawo da shi ɗakinsa."

Ɗakin ƙarami ne, da ƙamshin man zafi. An jingina gadon da bango. Rediyo yana kwance an tokare shi da matasai, ya rame, gemunsa ya fito ba tsari, abin da da ba zai taɓa yarda da shi ba. A jikin bangon, daidai kafaɗarsa, tsohon bututun ƙarfe ya bi ya shige. Fentin wurin ya goge, ƙarfen yana ƙyalli. A hannunsa mai lafiya akwai cokali.

"Kun gan shi nan," in ji Maman 'Yan Biyu. "Tun da muka dawo, in na kawo abincin rana ba zai buɗe baki ba sai na ba shi cokalin ya buga ƙarfen nan. Ya buga, ya kasa kunne. In aka amsa daga can, sai ya saki jiki ya ci. Na ce ko ciwon ne ya taɓa masa kai. Ashe da kai yake."

Maganar ta faɗo mini da nauyi, kamar ranar da aka dawo da zanenta a ninke. Ashe ba ita ba ce. Na ji ta sake tafiya, a karo na biyu, kuma wannan karon ba wanda zai zo mini gaisuwa. Na zauna a bakin gadon.

Rediyo yana kallona. Idon nan nasa bai shanye ba, yana nan da duk surutunsa a ciki. Ya ɗaga cokalin da ƙyar ya nuna cikina, ya nuna bakina, sannan ya ɗaga gira ɗaya.

"Ina ci," na ce. "Kullum ina ci, ɗan banza. Kai ka sa."

Ya lumshe ido, ya sauke cokalin a kan ƙirjinsa.

Auta ta juya tana kallon bango, kafaɗunta suna motsi. Mai famfo ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya fensirinsa. Sai wani tunani ya faɗo mini.

"Tsaya. Malam mai famfo, murya tana bin bututu?"

"In da ruwa a ciki, da wuya, Baba. Sai dai bangon nan ba shi da kauri."

Na dubi Rediyo. "Kai. Abubuwan da nake faɗa a bakin famfo, ka ji?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Ya miƙa hannu a hankali, ya kai cokalin jikin ƙarfe.

Ƙwas.

"Har maganar dunduniya?"

Ƙwas.

"Innalillahi. To wallahi in ka warke ka faɗa wa wani, sai na liƙe maka baki da gam."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba magana ba, amma na san shi. Dariyarsa ce, ta rasa ƙofa ta fito ta taga. Maman 'Yan Biyu ta dafa ƙirji ta ce rabonta da jin wannan tun kafin ya faɗi.

"Wace maganar dunduniya?" in ji Auta, tana share ido.

"Ba ruwanki. Kuma ki rage gishiri."

Mai famfo ya yi gyaran murya, ya ce to shi yanzu yaya za a yi, rana tana yi. Zarto yana can yana jira. Na buɗe baki, amma Auta ta riga ni.

"Malam, dole sai an cire tsohon?"

Ya sosa kai da fensir. "An ce in tsayar da yoyo. In na jawo na roba ta waje, na ba kowa ruwansa, wannan sai in toshe bakinsa in bar shi a bango. Ba ruwa a ciki, ba abin da zai zuba. Ƙarfe ne kawai a zaune."

"Zai yi ƙara?" na ce.

"Busasshe? Ai sai ya fi da. Har ka gaji da shi."

Kafin la'asar ya gama. Ya sa ni na koma shago don a gwada. Na zauna a kujerata, ga bangon da aka kankare, ga sabon bututu fari ya shigo ta saman ƙofa, ga tsohon a wurinsa kamar tsohon da aka bar wa kujerarsa. Aka buga daga can. Sautin ya fito garau, kamar ƙararrawa. Na amsa. Aka sake bugawa, ba tsayawa, kamar mai kiɗa. Wato na yi laifi, in shirya. Rediyo ya samu baki.

Auta ta hau ta sauko da kular da ban ci ba, muka sake zagayawa da ita. Maman 'Yan Biyu ta shimfiɗa tabarma a gaban gadon, ta ce mai famfo ma ba zai tafi da yunwa ba. Na karɓi kwanon Rediyo na ce yau ni zan ba shi, tun da ya daɗe yana ciyar da ni. Yana ci yana ɓata gemu, ina goge masa, ina ce masa gobe zan zo da almakashinsa in rama duk askin da ya yi mini a karkace.

Maman 'Yan Biyu tana zuba ruwa a kofuna ta ce, "Ni dai har yanzu mamaki nake. Kai da ka fara ji, ba ka tsorata ba?"

"Ko kaɗan. Ga shi kuwa da dare ne, ni kaɗai a gida."

"Da dare?"

"Daren ruwan nan mai iska, da bishiyar mararraba ta faɗi. Shi ne na farko. Kuma ranar hannunsa da ƙarfi, ya ja cokalin nan sumul, kai ka ce ita ce."

Ta ajiye butar a hankali.

"Baban Auta, daren da bishiya ta faɗi ai muna asibiti. Ba zan manta ba, ruwa ya shigo ta taga har sai da muka ja gadonsa. Ɗakin nan a kulle yake, makullin yana ɗaure a bakin zanena."

Auta ta dubi mai famfo. Mai famfo ya sunkuyar da kai yana tattara ƙwayoyin shinkafa a gefen kwano. Na dubi Rediyo. Cokalin yana hannunsa, ƙarfen yana kusa da shi, amma bai ɗaga ba. Idonsa yana kan rufi, wajen da kicin ɗinmu yake.

Maman 'Yan Biyu ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To in ba shi ba ne, ranar wa ya kira ka cin abinci?"